Kun Tambaya Mun Amsa: wai me tambarin Christy ke nufi a bangon littafin kisa?

Wasiƙun wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi, littattafan bincike da tashin hankali da marubuta Kirista ke rubutawa a Amurka da Ingila, da kyaututtukan da ake ba su. Na haɗa masu kama da juna na zaɓi ɗaya a ciki, wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri ya duba da kyau, amsarsa na cikin ta wani.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni ma'abociyar karatun littattafan Turanci ce na gwanjo, rannan na tsinci wani wajen mai baza littattafai a Sabon Gari, labarin wata mata ce da ta sayi tsohon gida bata taɓa ganinsa ba ashe shekara ɗari baya an taɓa tsintar gawar wata yarinya a kusa da gidan. A bangon akwai wani zagayayyen tambari an rubuta Christy. Labarin ya min daɗi amma na lura mutanen ciki kullum cikin ambaton Allah suke. Meye wannan Christy ɗin, kuma duk wanda na gani da tambarin in saya kawai ido rufe? Daga wata mai karatu a Fagge, Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, aiki da godiya. Daga yadda kika kwatanta labarin nan The House on Foster Hill kika tsinto, na Jaime Jo Wright, ya fito a 2017 kuma shi ya ɗauki kyautar Christy ta 2018 a rukunin littattafan bincike da fargaba, kinga kin yi sa'a, da mai baza littattafan ya san abin da ke hannunsa da ya ƙara miki kuɗi.

Ita Christy kyauta ce ta ƙagaggun labarai na Kirista, a Amurka take, an fara bayar da ita a shekarar 2000. Sunan ba na wani attajiri ba ne, sunan wani littafi ne da Catherine Marshall ta fitar a 1967 kan wata budurwa da ta tafi koyarwa a ƙauyukan duwatsun Tennessee, labarin ma ba na bincike ba ne sam. Tun 2017 ƙungiyar kamfanonin buga littattafan Kirista da ake kira ECPA ce ke riƙe da ita. Rukuni-rukuni ne, akwai na soyayya, na tarihi, na matasa, na wanda ya fara rubutu, sai wannan namu na kisa da gudu da bin sawu. Littafi ba ya shiga gasar da kansa, sai an shigar da shi an biya kuɗin shiga, alƙalai su karanta su ba da maki, a fitar da waɗanda suka kai zagayen ƙarshe, yawanci uku a kowane rukuni, sannan a sanar da gwani, a shekarun nan wajen watan Nuwamba ake yi. Tana da ƙanwa ma, kyautar Carol, ta ƙungiyar marubuta Kirista ACFW, wadda aka sa wa sunan Carol Johnson, wata edita da ta daɗe a kamfanin Bethany House.

To batun saye ido rufe kuma, a'a, ki buɗe idonki tar. Na farko ki karanta abin da aka rubuta a tambarin, wani na wanda ya ci ne wani na wanda ya kai zagayen ƙarshe ne kawai, wani kuma wayon 'yan kasuwa ne, zakiga an rubuta cewa marubucin ya taɓa cin kyauta, ba wannan littafin da ke hannunki ba, wani can da ya rubuta shekara goma baya. Na biyu kuma, wanda ya fi, ki san su waye ke takarar. Yawancin littattafan nan daga 'yan kamfanoni ƙalilan suke fitowa, Bethany House da Revell waɗanda duk na gidan Baker ne, Tyndale House, sai Thomas Nelson da Zondervan da ke ƙarƙashin HarperCollins, kuma kasuwar tana da ƙa'idarta da kowa ya sani, ba ashar, ba shiga ɗakin ma'aurata, jini ma da awo ake zuba shi, kuma dole labarin ya ƙare da ɗan haske. Ni tambarin nan kamar lambar NAFDAC nake kallonsa a kwalin magani, ya nuna an duba an ga ba guba a ciki kuma an haɗa shi bisa ƙa'ida, amma bai ce shi zai warkar da ciwonki ba.

In kina son ki ga littafin da addini ke cikinsa har wuya kuma ya yi kokawa da kowa da kowa ya kayar, to ki nemi Ordinary Grace na William Kent Krueger, labarin ɗan wani fasto a wani ƙaramin gari a Minnesota a damanar 1961 da aka yi ta mace-mace. Shi kyautar Edgar ya ci a 2014, ita kuwa Edgar ta ƙungiyar marubutan bincike ta Amurka ce tun 1946, ba ruwanta da addinin marubuci, can filin ya fi faɗi.

Tambaya: Gaisuwa cikin sunan Ubangiji Baba. Ni Kirista ce, malamar firamare. Wata mamanmu a zumuntar mata ta gan ni da littafin Terri Blackstock ta karɓa ta karanta bayansa ta ga maganar kisa, sai ta ce bai kamata 'yar Allah ta cika zuciyarta da irin wannan ba, ta karanto min Filibiyawa 4:8 cewa mu yi tunanin abin da ke mai tsarki da abin ƙauna. Tun daga nan in na ɗauki littafin sai in ji wani iri. Wai laifi ne? Daga wata 'yarka a Kafanchan.

Amsa: 'Yata sannu da ƙoƙari, ki gaida Mama da kyau ki ce na gode mata, don samun babba mai duba abin da ƙanana ke karantawa ma alheri ne. Ni ba fasto ba ne, hukuncin laifi ko ba laifi ki kai wa fastonku, amma abin da na sani na littattafai zan faɗa miki.

Littafi Mai Tsarki da Mama ta karanto miki bai wuce sura ta huɗu ba aka yi kisa, Kayinu ya kashe Habila, aka tambaye shi ina ɗan'uwanka ya yi musu, jinin da ke ƙasa ya ba da shaida. Ki je wajen Annabi Natan yadda ya ɗana wa Sarki Dawuda tarko da labarin 'yar tunkiyar matalauci har sarki ya yanke wa kansa hukunci da bakinsa kan kashe Uriya, ko Sulemanu da mata biyu da jariri ɗaya. A Littafi Mai Tsarki na Katolika akwai ƙarin surori biyu a littafin Daniyel waɗanda babu su a na sauran ikilisiyoyi da yawa, su kam labaran bincike ne tsantsa. A ɗaya dattawa biyu suka yi wa Susana ƙazafi, Daniyel ya raba su ya tambayi kowa shi kaɗai a ƙarƙashin wace bishiya ya gan ta, kowa ya faɗi bishiya daban. A ɗayan kuma firistocin gunkin Bel na cewa gunkin ne ke cinye abincin da ake ajiye masa da dare, Daniyel ya barbaɗa toka a ƙasa aka rufe ƙofa, da safe sai ga sawun maza da mata da yara ya nufi wata ɓoyayyiyar ƙofa. Dorothy L. Sayers, marubuciyar labaran bincike 'yar Ingila, wadda ita kanta 'yar limamin Angilikan ce kuma ta yi rubuce-rubucen addini masu nauyi, da ta tashi haɗa kundin labaran bincike a 1928 waɗannan biyun ta saka a sahun farko.

Kuma wannan sana'a tun asali masu addini sun riƙe ta. G. K. Chesterton ya fara labaran Fada Brown a 1910, wani ɗan guntun fada, wato limamin Katolika, mai yawo da lema wanda kowa ke raina wa wayo, alhali shekarun da ya yi yana sauraron masu furta zunubi sun sa ya san mugunta fiye da 'yan sanda. Abin da ya fi burge ni da shi, da aka matsa wa Fada Brown ya faɗi sirrinsa cewa ya yi yakan sa kansa ne a matsayin mai kisan, ya bi zuciyarsa har ya ga cewa shi ma zai iya aikatawa, daga nan sai ya gane waye. Kuma ɓarawon da ya kama a labarin farko, Flambeau, daga baya tuba ya yi ya zama abokinsa. Kinga wannan ai ba cika zuciya da ƙazanta ba ne, tsoron Allah ne da sanin halin ɗan Adam.

Ni inda nake da ƙorafi da wasu littattafan nan ba jinin ba ne, lalaci ne. Marubuci ya ƙulla ƙulli ya kasa kwancewa, sai ya sa mai binciken ya durƙusa ya yi addu'a, yana tashi sai ga takardar da ke ɗauke da sunan mai kisan ta faɗo daga aljihun wani. Wannan ha'inci ne ga mai karatu, kuma ni a ganina rashin ladabi ne ga addu'ar ma, an mai da ita abin toshe ɓarakar marubuci. Abin dariya wanda ya fi kowa tsananta wa a kan wannan fada ne na Katolika, Ronald Knox, shi ya rubuta dokoki goma na labarin bincike a 1929, a ciki ya ce ba a yarda a shigo da abin da ya fi ƙarfin ɗabi'a ya warware matsala ba, kuma ba a yarda tsautsayi ko wani ji a jiki marar dalili ya taimaki mai bincike ba. Littafin da ya yi kyau shi ne wanda bangaskiya ke ƙara wa jarumin wahala, ya gano mai laifi sai ya tarar dattijon ikilisiyarsu ne, ko ya ga damar ramuwa a gabansa ga kuma umarnin gafara a wuyansa, ko gaskiyar da zai faɗa ta rusa gidan wani marar laifi. Da wannan ma'aunin ki auna na hannunki. Ita Terri Blackstock ma labarinta zai yi wa Mama daɗi, ta yi shekaru tana rubuta littattafan soyayya na kasuwa kafin a tsakiyar shekarun 1990 ta bar su don imaninta ta koma wannan layin.

Tambaya: Malam barka da war haka. Ni ɗalibi ne, ina ganin ana haɗa nau'i uku a rukuni ɗaya a waɗannan kyaututtukan, na bincike da na fargaba da na gudun ceton rai, ni duk ɗaya nake ganinsu. Meye bambancin kuma da wanne zan fara? Daga Samaru, Zariya.

Amsa: Barka kadai ɗalibi. Ba ɗaya ba ne ko da yake suna shiga gonar juna. Na bincike an riga an yi ɓarnar, gawa na kwance, tambayar ita ce waye ya yi, kai da mai binciken tare kuke tattara alamu kuma in marubucin mai gaskiya ne duk abin da jarumin ya gani kai ma an nuna maka. Na fargaba kuwa ɓarnar ba ta faru ba tukun, kai ka san tana tafe jarumin bai sani ba, mai shirya finafinai Alfred Hitchcock ya taɓa bayyana shi da mutum biyu na hira a tebur ga bam a ƙarƙashi, in ya tashi kawai ka firgita na daƙiƙa kaɗan, amma in an nuna maka shi tun farko da agogonsa to duk hirar banzan da suke yi sai ta zama abin da ke hana ka numfashi. Na ukun shi ne gudu da lokaci, ana bin jarumi ko shi yana bin wani, gari ko ƙasa na cikin haɗari, babi gajeru-gajeru, ba a ba ka damar ajiye littafin ka je ka ci tuwo.

In mai son wasa ƙwaƙwalwa ne kai fara da Fada Brown, ko Cadfael na Ellis Peters, wani tsohon sojan yaƙi da ya koma zaman ibada a gidan sufaye na Shrewsbury a ƙarni na 12 yana haɗa magungunan gargajiya, na farko ya fito a 1977 kuma sun kai littafi 20. Waɗannan ba 'yan kasuwar Christy ba ne, sun girme ta, amma su ne tushen. In fargaba kake so If I Run na Terri Blackstock, 2016, yarinya ce ta tarar an kashe abokinta kuma duk alamu ita suke nunawa sai ta gudu, aka ɗauko wani tsohon soja mai fama da ciwon firgicin yaƙi ya nemo ta, amma ka sani littafi uku ne a jere kuma na farko ba ya ƙarewa a inda za ka so, ka tanadi kuɗin sauran. In kuma so kake ka kwana ba barci Thr3e na Ted Dekker, 2003, wanda ya ci Christy a 2004, ɗalibin makarantar tauhidi ne yana tuƙi aka kira shi a waya aka ce ya furta zunubinsa cikin minti uku ko motar ta tashi, shi kuma bai san wane zunubi ake nufi ba. Ƙarshensa mutane sun rabu biyu a kai, wasu sun ce gwaninta wasu sun ce an yaudare su, ni ba zan faɗa maka ɓangarena ba kar in ɓata maka. Steven James kuma da jaruminsa Patrick Bowers na FBI, wanda ya fara da The Pawn a 2007, ya ci Christy ba sau ɗaya ba, sai dai shi hannunsa da nauyi wajen kwatanta aikin masu kisa, kuma wa'azinsa kaɗan ne ƙwarai, in zuciyarka ba ta da ƙarfi bar shi sai ka saba.

Akwai na huɗu da ba ka tambaya ba, na yaƙin ruhaniya, ubansu shi ne This Present Darkness na Frank Peretti, 1986, inda mala'iku da aljanu ke gwabzawa a saman wani ƙaramin gari yayin da ɗan jarida da fasto ke bincike a ƙasa. Shi ya taka dokar Knox da gangan kuma bai ɓoye ba tun shafin farko, saboda haka ban kira shi ha'inci ba, wani wasa ne daban, duk wanda ya saba kallon finafinan coci na kudancin ƙasar nan zai gane shi nan take.

Tambaya: Salam Malam. Ni Musulmi ne kuma ina son labaran leƙen asiri. Wani abokin aikina ya ara min ɗaya daga cikin irin waɗannan, na ga duk mugayen ciki Musulmi ne, raina ya ɓaci na mayar masa ban ƙarasa ba. Dukkansu haka suke? Kuma ba dabarar jan mutum zuwa addininsu ba ce? Daga Maraɗi.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ba zan rufe ka ba, akwai reshe guda na wannan adabi da haka yake, musamman waɗanda suka biyo bayan harin 11 ga Satumba 2001 kuma suke haɗa siyasar Gabas ta Tsakiya da annabce-annabcen ƙarshen zamani. Joel C. Rosenberg shi ne fitacce a nan, littafinsa na farko The Last Jihad ya fito a 2002 kuma ya yi suna ne saboda ya buɗe da harin jirgin sama da aka sace alhali ya rubuta wannan ɓangaren kafin harin gaske, wani littafinsa The Ezekiel Option ya ci kyautar ECPA a 2006. Haka Directed Verdict na Randy Singer, lauya ne kuma fasto a Virginia, ya ci Christy a 2003, labarin shari'a ce da aka shigar kan Saudiyya bayan 'yan hisbar can sun kashe wani ɗan mishan. Shari'ar kotun ya iya rubuta ta don aikinsa ne, amma Musulmi zai karanta da ɗaci a baki. Matsalar irin waɗannan ni a wajena ta wuce ɓacin rai, rauni ne a sana'ar, in tun shafi na goma na san mugun daga sunansa da rawaninsa to ina binciken yake?

Amma ba dukkansu ba ne, mafi yawansu ma ba su san da mu ba. Ƙaramin gari ne a Amurka, 'yar sanda ko ma'aikaciyar jinya ko mai kare masu ba da shaida, mugun kuwa maƙwabci ne ko ɗan siyasa ko tsohon miji, wani lokacin ma ɗan cocin ne. Su Dee Henderson da Irene Hannon da Lynette Eason da Dani Pettrey galibi nan suke kiwo, da 'yar soyayya mai kunya a gefe. Batun jan mutum kuwa, ai ba su ɓoye ba, an rubuta su ne daga mahangar Kirista kuma wasu na ɗauke da babi guda cur na wa'azi inda wani zai karɓi addinin, amma gaskiyar magana masu sayensu Kiristoci ne da suka riga suka yi imani suna neman abin karantawa da ba batsa. Kai ka san kanka, in ka ga abin zai dame ka bar shi, littafi bai ƙare a duniya ba.

In so kake ka ga Musulmi a kujerar mai bincike nemi Ausma Zehanat Khan, 'yar Kanada, jaruminta Esa Khattak ɗan sanda ne mai sallah a Toronto, littafinta na farko The Unquiet Dead na 2015 ya taɓo kisan kiyashin Srebrenica da aka yi wa Musulmi a Bosniya a 1995 kuma ya ci kyaututtukan littafin farko a gasar da ba ta addini ba. Yahudawa ma suna da nasu, Rabbi Small, malamin Yahudawa mai bincike, na Harry Kemelman tun 1964. Mu kuwa da muke da Suratu Yusuf, inda mai shaida ya ce a duba rigar in ta gaba ta yage ko ta baya, ban ga dalilin da zai sa mu tsaya jiran wani ya rubuta mana ba.

Tambaya: Baba ina wuni. Ni matashiya ce Kirista ina rubuta labarin bincike da Hausa, an sace kuɗin ginin coci an kuma tsinci gawar ma'aji. Zan iya tura shi gasar Christy? Kuma wace shawara za ka ba ni? Daga Jos.

Amsa: Lafiya lau 'yata, Allah ya yi albarka. Christy da Carol littattafan Turanci da aka riga aka buga suke dubawa, na Hausa ba zai shiga ba, kuma ko ACFW da ke da gasar Genesis ta waɗanda ba su taɓa bugawa ba ita ma da Turanci ne. Kar wannan ya sa ki juya shi zuwa Turanci don neman tambari, masu karanta Hausa a Filato da kudancin Kaduna da Gombe da Adamawa da ke zuwa coci ranar Lahadi suna da yawa kuma ba wanda ke rubuta musu irin wannan, Musulmi ma za su karanta in ya yi daɗi. In gasa kike so ki gwada hannunki akwai Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 don mata, gajeren labari ake turawa, sai ki bi sanarwarsu ta shekara ki ga sharuɗɗa.

Shawara kuwa, ki fara rubuta wa kanki ƙarshen, waye ya kashe ma'ajin, da me, ƙarfe nawa, me ya sa, sannan ki dawo ki shuka alamun a gaban mai karatu inda zai gani ya wuce bai kula ba, rasit ɗin siminti mai kwanan watan da bai dace ba, ko wanda ya ce yana wajen koyon waƙa alhali ranar an ɗage. Mutum uku ko huɗu su kasance da dalilin yin kisan, kuma kar mai laifin ya zama baƙo ko wanda ba ɗan addininku ba, wannan hanyar rago ce kuma a garinku kin fi ni sanin abin da irin wannan rubutun ke iya tayarwa. Ki bar shi ya zama na cikin gida, wanda in aka ambaci sunansa mai karatu zai ji zafi. Kar ki kwaso 'yan sandan Amurka da ɗakin gwaje-gwajensu ki dire a Jos, ki rubuta abin da kika sani, yadda ake kai ƙara caji ofis, yadda dattawan ikilisiya za su so a rufe maganar a cikin gida kar sunan coci ya ɓaci, yadda matar marigayin za ta zauna makoki mutane na shiga da fita kowa da abin da yake raɗawa, wannan ɗakin makokin kaɗai ya ishe ki babi uku. Mai bincikenki ma ba dole sai ɗan sanda ba, sakatariyar zumuntar mata da ke riƙe da littafin gudunmawa ta fi kowa sanin wa ya bayar wa bai bayar ba. Addu'a kuma ki bar ta a bakin mutanenki yadda suke yinta a zahiri, da kuka da shakka da komai, amma sunan mai kisan ki bari ƙafa da ƙwaƙwalwa su nemo shi.

Tambaya: Malam a ina ake samun littattafan nan da araha? Daga Bauchi.

Amsa: Masu gwanjon littattafai su ne na farko, don yawancin kwalayen da ke zuwa daga Amurka akwai irinsu a ciki, sai kantunan littattafan coci kamar Challenge na ECWA, ka tambaya ko suna da ɓangaren ƙagaggun labarai. Kundin farko biyu na Fada Brown, na 1911 da na 1914, kyauta ne a shafin Project Gutenberg don haƙƙin mallakarsu ya ƙare, za ka iya saukewa a waya. Sababbin kuma akwai su a Kindle, kuma kamfanonin kan karya farashin littafin farko na jerin labari don su ja ka ka sayi sauran, sai ka riƙa leƙawa. Waɗanda ake turawa a guruf-guruf na WhatsApp dai na sata ne, ba zan ba ka adireshinsu ba.